Ranar da Na Kusa Kunyata Tsohon Sarkin Noma

Ko yanzu da gashina ya fara furfura, ranar gayyar nan ta Toranke, a ƙasar Ajingi, ba ta fita daga raina ba, kuma na san ba za ta fita ba. Mu uku ne makaɗan noma a lokacin: kawuna da babbar ganga, ni da kazagi, ƙaramar gangar da ke rufa masa baya, sai wani maƙwabcinmu mai kirari. Aikinmu shi ne mu riƙe wa masu huɗa lokaci, garma ta tashi tare, ta sauka tare.

Ran nan da hantsi, tsohon sarkin noman garin ya shiga layi. Ya sha jinya tun rani, amma ya rantse sai ya kai kunya ɗaya ƙarshe tare da samari. Kowa ya san idan aka bar shi a baya, a gaban jikokinsa, abin zai fi masa ciwon zafi.

Sai na ji kawu yana jan kiɗa a hankali kamar mai jin barci. Ni kuwa lokacin jinina na tafasa, ina ganin duk Ajingi babu mai hannuna. Na ce a raina tsufa ya kama kawu, bari in taimake shi. Na ƙara wuta. Samari suka bi ni, suka yi gaba, ƙasa na tashi. Da na waiga, tsohon yana baya shi kaɗai, ƙirjinsa na hawa da sauka, yana shirin ajiye garma.

Kawu ya tsayar da kiɗa cak. Ya ɗaga murya ya ce igiyar gangarsa ta saki, a yi masa haƙuri. Ya tsuguna yana ɗaure igiyar da lafiyarta ƙalau, yana ɓata lokaci, har tsohon ya huta ya iso layi. Sannan ya matso kusa da ni.

"Kai, ba kanka kake yi wa kiɗa ba," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Dubi garmar Baba. In ta sauka, ka sauka."

Haka muka yi. Ban taɓa kiɗa mai wuya irin wannan ba, don hannuna sai ƙaiƙayi yake. Tsohon ya kai ƙarshen kunya kafaɗa da kafaɗa da samari, ya ɗaga garma sama yana dariya. Ashe huɗarsa ta ƙarshe ke nan, bai ga kakar shekarar ba.

Yanzu gayya ta yi wuya, gangar kawu tana rataye a ɗakina. Ina kewar kwanakin nan ƙwarai. Abin da na koya shi ne, saurin hannu ba shi ne gwaninta ba. Makaɗin kirki yana sauraron abokan kiɗansa, idonsa kuma na kan wanda ya fi kowa gajiya a layi.