Na Iya Duba Bakin Rago, Ban Duba Na Inna Ba

Ni mahauci ne ɗan mahauci, kuma a lokacin da abin nan ya faru gani nake duk faɗin Tanout babu ɗan da ya kai ni kula da uwa. Ina da rumfata a kasuwa, in yi yanka da safe, da yamma in hura wuta in gasa balangu da tsire, idan zafi ya tsaya kuma in shanya kilishi. Mutum ne ni mai saurin hawa da saurin sauka, ga son a ce na yi. Babban abin taƙamata a sana'a shi ne ido. In aka kawo mini rago ko akuya ba na tsayawa sauraron rantsuwar dillali, sai in kama haɓar dabbar, in ɗaga leɓe in dubi haƙora, nan take in faɗa maka shekarunta da irin kiwon da ta samu. Na rubuto muku labarin nan ne saboda abin ya daɗe yana cina, kuma na san akwai irina da yawa a cikin masu karatu.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, kuma ita irin matan da ne masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta cin abinci a gabana, ba ta kallona ido cikin ido, in na gaishe ta sai ta amsa tana kallon gefe. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, don tun ina yaro na gane cewa curin furar da ya fi girma, wanda kakata ke miƙo mini, daga hannun Inna ya fito. Da mahaifinmu ya rasu a ƙauyenmu da ke wajen Ollelewa, sai na je na ɗauko ta na kawo ta gidana, na ba ta ɗakin da ya fi sanyi. Duk saƙon da ke tsakanina da ita ta bakin matata yake bi.

Na yi wa kaina alkawari cewa matar da ta ƙare ƙuruciyarta a kan tuwon gero da miyar kuka, sai ta ci nama har ta gaji da shi. Kullum da yamma nakan zaɓi tsokar da ta fi kyau, in gasa da hannuna, in zuba a wani kwano mai murfi da na saya dominta, in aika gida. Da farko kwanon yakan dawo da ɗan saura. Daga baya sai na lura ƴaƴana ne ke fitowa daga ɗakinta suna lashe yatsu. In na tambayi matata sai ta ce Inna ta ce ta ƙoshi, ko ta ce kunu take so, ko fura mai ruwa-ruwa. Ta daina cin goro, ita da a da ko barci take yi akwai ɓarin goro a kuncinta, sai na ce a raina tsufa ne ya sa ta rage son duniya. Ta koma rufe baki da gefen mayafi in za ta yi magana. In an yi suna a maƙwabta sai ta zauna can nesa da mata, daga baya ma ta daina zuwa. Ɗakinta kullum ƙanshin kanumfari yake yi. Duk na ga waɗannan abubuwa da idona, amma ban haɗa su wuri ɗaya ba.

Abin da na gani kawai shi ne Inna tana ramewa. Awarwaron hannunta ya koma yawo har gwiwar hannu, wuyanta ya yi tsawo. Na sayo maganin ƙarin jini, na karɓo mata rubutu wurin malam don ina zaton kewar mahaifinmu ce, duk ba ta sake zani ba. Har matata na zarga, Allah ya yafe mini, na ce ko tana yi wa Inna wani abu a bayan idona, ta yi ta kuka tana rantsuwa. Sai magana ta fara yawo a unguwa, wai ga uwar mahauci tana bushewa a gidan nama. Wallahi wannan maganar ta fi ramar Inna ƙona mini rai a lokacin, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna muku irin mutumin da nake.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani abokin sana'ata ya tsokane ni a gaban mutane, ya ce ko dai tsohuwa ta gano naman rumfata ba na ci ba ne. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma rumfa na gasa nama mai kyau, na barbaɗa yaji, na ɗauki kwanon da kaina zuwa gida. Na yi abin da ban taɓa yi ba, na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta na zauna, na tura mata kwanon na ce ba zan tashi ba sai ta ci. Da ba ta taɓa kwanon ba sai bakina ya ƙwace, na tambaye ta ko guminna ne ba ta so, ko kuwa tana shakkar halaccin abin da nake kawowa. Can sai ta jawo kwanon, ta juya mini gefe, ta fara ci. A hankali take taunawa, ta gefe ɗaya, tana tsayawa tana haɗiyewa. Hawaye suka zubo mata, matata da ke tsaye ta tambaye ta lafiya, ta ce yajin ne ya yi yawa. Ta ci fiye da rabi. Ni kuwa na tashi ina murna, na koma kasuwa ina ba da labari cewa yau na yi maganin abin.

Da gari ya waye kuncin Inna ya kumbura har ya kusa rufe mata ido, jikinta zafi zau, ko cokalin kunu ba ya shiga bakinta. Duk da haka cewa ta yi wani ƙwaro ne ya cije ta. Na buga wa ƙanwata waya, autarmu da ke aure a Gangara, don ita ce Inna ke sakin jiki da ita, su yi hira har da shewa. Ta iso kafin azahar ta shige ɗakin. Ba ta jima ba ta fito ta same ni a zaure, ta buɗe tafin hannunta, sai ga turmin haƙori guda, dogo, baƙi daga tushe. Ta ce a cikin namana ya fita jiya, Inna ta tofo shi a ɓoye ta ƙulle a bakin mayafi, ta ci gaba da ci don kada raina ya ɓaci.

Nan ƙanwata ta zayyana mini komai. Ta ce tun suna ƙauye dasashin Inna ke zubar da jini in ta yi asuwaki, sai ta ɗauka asuwakin ne ke ji mata ciwo, ta daina goge wajen, a hankali ta daina gaba ɗaya, sai kurkurar ruwa kawai. In ciwon ya taso sai ta cusa garin taba da kanwa a wurin, ko ta danna kanumfari. Haƙoran suka fara girgiɗi, baki ya fara wari, shi ya sa take gudun mutane, ita da aka sani da tsafta. Ba za ta iya faɗa mini ba, ba za ta iya buɗe wa surukarta baki ba. Sai ƙanwata ta dube ni, yarinyar da na goya, ta ce ita abin da ke ba ta mamaki, wai ni ne ke ɗaga leɓen kowace akuya a kasuwa, amma uwata na zaune a gidana da wannan baki ban sani ba. Na shiga bayan gida na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne mahaifina.

Muka kai ta likita a nan Tanout. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya yi mata allura ya ba da ƙwayoyi, ya yi mana faɗa sosai, ya ce kumburin haƙori mai haɗe da zazzaɓi ba abin wasa ba ne, yana iya gangarawa wuya ya toshe numfashi. Ya ce da zarar kumburin ya sauka mu wuce Damagaram wurin likitan haƙori. Haka muka yi, ni da ita da ƙanwata. Likitar mace ce, mai haƙuri, ta yi ta lallashin Inna tana kiranta Baba har ta yarda ta buɗe baki. Sai ta yafito ni ta ce in zo in gani. Ranar na fara ganin cikin bakin mahaifiyata. Dasashin ya yi ja ya janye, saiwoyin haƙora a waje, ga wani datti da ya daskare a gindinsu kamar tsakuwa. Da rago ne aka kawo mini da baki haka, da kallo ɗaya zan san ba ya iya cin ko ciyawa.

Likitar ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce jinin da mutum ke gani in yana goge baki, yawanci alama ce dasashi ya fara ciwo saboda dattin da ke taruwa a gindin haƙora, don haka daina gogewa ƙara wa ciwon ƙarfi yake yi. Ta ce in dattin ya daskare babu asuwakin da ke cire shi sai an kankare a likita, in an bar shi kuma sai ya cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori, lafiyayyen haƙori ya faɗi ba tare da ko rami ba. Taba da kanwa kuwa ƙona naman suke ƙara yi. Da aka zo cire waɗanda ba su da sauran amfani, Inna ta rufe ido, ta lalubo hannu ta kama wuyan hannuna, ba na ƙanwata ba. Ta riƙe ni gam har aka gama. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban taɓa ba sai yau.

Mun yi ta zirga-zirga a hanyar Damagaram kafin a gama. Turamenta kusan duk sun tafi, aka ceto na gaba da ƴan kaɗan a gefe. An yi mata tayin haƙoran roba ta ce ita ba za ta sa abin aro a baki ba. Yanzu tana goge sauran safe da dare da buroshi mai laushi da man goge baki, in dasashin ya yi tsami ta kurkure da ruwan ɗumi da gishiri. Rabuwa da taba ce ta ba mu wahala, sai da ƙanwata ta yi ta fama. Ni ma da nake cika baki, da aka duba ni sai aka tarar nawa dasashin ya fara, ga sukarin shayin da nake sha tun safe har dare ya huda mini turmi. Ƴaƴana kuwa yanzu ba mai kwanciya sai na ɗaga masa leɓe, har suna ce mini na mayar da su awaki.

Da ta warware na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta, a daidai inda na shimfiɗa tabarmar nan, na roƙe ta gafara. Ta juya fuska gefe kamar yadda ta saba, ta yi magana da matata kamar ba na wurin. Ta ce a gaya wa mai gidan nan ita ba ta san laifin da ya yi mata ba, naman ranar ya yi daɗi, yajin ne dai ya ɗan yi yawa. Har yau a kan wannan maganar take, ba ta yarda ta ɗora mini ko kaɗan ba.

Abin da na koya shi ne, ciyar da iyaye ba a aika kwano yake ƙarewa ba. Tsofaffinmu ba sa faɗin ciwo, balle ciwon baki da suke ganin abin kunya ne. Don Allah wanda duk ya ga tsohonsa ya bar goro, ya koma kunu da fura, yana rufe baki in zai yi magana, ko yana gudun zama cikin mutane, kada ya yi fushi kuma kada ya tilasta masa. Ya nemi wanda tsohon ke sakin jiki da shi a duba bakin, a kai shi likita tun haƙoran na tsaye. Wanda kuma ya ga jini a asuwakinsa kada ya daina gogewa, ya sassauta hannu, ya je a duba shi. Haƙorin da ya fita ba ya dawowa, na Inna da suka tafi ina da hannu a jinkirin da ya tafi da su.

Yanzu kullum da yamma nakan dafa tsokar har ta yi lugub, in zuba a turmi in daka da kaina. Abokan sana'a suna yi mini dariya wai mahauci ya koma dakan mata, ni ko a jikina. Inna ta mayar da jikinta, ta koma zuwa suna, har nakan jiyo dariyarta ta katanga. Kwanon nan mai murfi yana dawowa wayam. Ba na sa mata yaji ko kaɗan.