Makunnin Da Na Bari A Kunne

A lokacin ni magidanci ne mai ji da kansa. Na daɗe ina aikin tanin, wato gurza ƙarfe da inji, a wata masana'anta a Sharaɗa, har ina ganin babu abin da wani zai koya mini. Da aka rufe masana'antar aka sallame mu, sai na samo wani tsohon injin tanin a wurin 'yan gwangwan a Bompai, duk tsatsa ta cinye shi. Na girke shi a garejin gidana a Na'ibawa, na wanke shi da kananzir, na sauya bel ɗin da ke juya shi, na ƙara masa ƙarfin juyawa, na shafe shi da koren fenti har yana ɗaukar ido.

Abu ɗaya ya rage, akwatin makunninsa na asali ya ƙone. Amfanin akwatin shi ne idan aka ɗauke wuta injin ya tsaya, ko an dawo da ita ba zai tashi ba sai an danna. Mai gyaran wutar unguwarmu ya ce in dakata ya nemo mini irinsa. Na yi masa dariya, na ce wannan na 'yan koyo ne, na ɗaura makunni irin na injin jan ruwa, wanda ba ya kashe kansa idan an ɗauke wuta.

Wata Juma'a ina cikin aiki aka ɗauke wuta. Na goge hannu na tafi masallaci, makunnin yana kunne. Bayan an sauko na taho da yayana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, tela ne, don ya sa wa injin albarka. Yana sanye da babbar riga. Ya dafa kan injin da hannun dama yana mini addu'a, sai na ji yara a layi suna ihun an kawo wuta. Kafin in kai ga makunnin, injin ya naɗe hannun rigar, ya ja hannunsa ciki.

A asibiti aka yanke hannun daga gwiwa. Na durƙusa na faɗa masa gaskiyar abin da na yi, ya ce in tashi, ƙaddara ce. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Ya bar ɗinki, ni kuma har yau gabana faɗuwa yake duk sanda na ji yara suna murnar wuta.

Ina roƙon masu gyaran tsofaffin injuna, ku fara da abin da yake tsayar da inji kafin abin da yake ƙawata shi, kuma ku tuna a ƙasar nan wuta ba ta sallama idan za ta dawo. Ƙwarewa ba ta hana mantuwa. Yayana yakan zo gidana duk Juma'a, ya miƙo mini hannun hagu mu gaisa, kuma kullum sai ya ba ni haƙuri don ya gaishe ni da hagu.