Direban Rami da Ruwan Agusta

Duk wanda ya taɓa shiga motar Don Eusebio Barraza a ramin da motocin haya ke bi a ƙarƙashin otal-otal ɗin Las Vegas, ya sha tambayar nan tasa. Kafin ka gama ɗaura bel ya waiwayo: "Yaya sama take?"

Baƙi ba sa gane tambayar. Mutumin da ya kwana uku a gaban injin caca, bai san safiya ba bai san yamma ba, shi za ka tambaya labarin sama? Wani ya ce, "Zafi kamar tanda." Wani ya yi dariya ya jefo tasa tambayar da kowa ke yi: "Wai motar nan ita ke tuƙa kanta?" Sai Don Chebo, kamar yadda ake kiransa, ya ce, "Da ta iya, ai da ina gida na miƙe ƙafa." Minti biyu sun isa tasha, su fita, wasu su shigo.

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana jan tasi a titunan sama, kafin rami. A wani ƙauyen masu haƙar ma'adinai aka haife shi, ya shigo gari yana ɗan sha tara, ya fara da wanke-wanke a otal ɗin da Herminia ke gyaran gadaje. Ita ta fara yi masa magana, wai takalminsa na ɓata mata daɓen da ta goge. Bayan wata takwas aka ɗaura aure.

Ruwan shekara guda a garin nan, in ka ajiye kofi a waje, da kyar ya cika shi. Shi ya sa shi da Herminia suka mai da ruwan sama biki. Ɗigo na farko na taɓa gilashin tasi, Chebo zai kashe fitilar kan mota, ya wuce masu ɗaga hannu kamar bai gan su ba, ya nufi gida. Zai tarar ta fito da kujera biyu baranda, ta dafa kofi da kirfa. Kullum maganarta ɗaya: "Ka makara, tsoho." Su zauna suna shaƙar ƙamshin gobernadora, ɗan itacen nan na hamada da ba ya ƙamshi sai ruwa ya taɓa shi.

Sai mantuwa ta shigo mata a hankali. Yau mukulli, gobe tukunya a kan wuta, har ranar da ta kalle shi a teburin cin abinci ta tambaye shi wa yake nema. Da abin ya fi ƙarfinsa ya kai ta gidan kula da tsofaffi a bakin gari, inda kwalta ta ƙare hamada ta fara. Lokacin ya bar tasi ya shiga rami, saboda aikin rami ƙarfe huɗu ake tashi, ba cunkoso, ba jayayya da mashaya. Kullum da yamma yana can. Tana karɓarsa da ladabi, tana ce masa Malam, kuma wannan ladabin ya fi zagi yi masa ciwo.

A Agustan bara, ranar hutunsa, yana zaune kusa da ita hadari ya taso daga kan duwatsu. Ƙamshin na shigowa ta juyo ta dube shi sosai, ta ce, "Chebo, ina kofin? Ka bar ni zaune hannu biyu." Minti goma sha biyar ta yi tana matarsa. Ta yi masa faɗa kan aski, ta tambayi karensu da ya mutu tun tuni. Ruwa na ɗaukewa ta koma Malam.

Tun daga ranar ba abin da yake nema a duniya sai ya sake kasancewa kusa da ita ana ruwa. Ga shi kuwa layin da aka ba shi tashoshinsa biyu duk a ƙasa suke, waya kuma a akwatin ajiya take wuni har a tashi. A rami ba rana ba gajimare, sai fitilun bango da ke canza launi, ja ya koma shuɗi, shuɗi ya koma kore, baƙi na ta ɗaukar hoto kamar sun shiga aljanna. Masu hasashen yanayi kuwa, kowa ya san su: su ce za a yi, hadari ya tsaya kan duwatsu ya yi ta gurnani, ya juya abinsa.

Don haka ya ƙulla da Luzviminda, 'yar Filifin ɗin da ke raba wa fasinjoji motoci a gindin matakala mai tafiya da kanta, ta riƙa sanar da shi in ana ruwa. Ba wanda ke yawo da laima a Las Vegas, saboda haka kafaɗun masu saukowa take dubawa ko sun jiƙe. Sau ɗaya ta tayar masa da hankali a banza, ashe feshin sanyaya iska na ƙofar otal ne ya jiƙa wasu samari.

"Ke dai, idonki sai kallon kafaɗar samari," in ji shi.

"To Kawu, taka zan kalla? Me ya rage a jikinta?"

Wata Alhamis, wajen biyu da rabi na rana, ana babban taron 'yan kasuwa, layi har kan matakala. A ɗaya tashar, wadda Luzviminda ba ta nan, wata mata ta faɗo motarsa tana yarfe gashi, tana zagin takalminta. Bai ma gama tambayar ba ta ce, "Sama? Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya! Wai hamada aka ce min na zo."

A rami ba a juyawa, ba a komawa baya, ba a wuce na gaba. Hanya ɗaya ce, faɗin mota ɗaya. Chebo ya riƙe sitiyari yana bin motar gabansa a saurin da doka ta yanka, fitilu na ta canza launi, matar na ta ba shi labarin kuɗin takalmi. Bai taɓa sanin minti biyu na da tsawo haka ba.

Yana tsayawa Luzviminda ta buɗe masa ƙofa da kanta. "Fita, Kawu. Na riga na ce wa oga cikinka ya ɓaci. Ka tafi kana dafe ciki, kar ka kunyata ni."

Ya hau sama, ya tada tsohuwar a-kori-kurarsa. Ruwa ya cika tituna, don garin nan ba a gina shi da tunanin ruwa ba. Baƙi sun tsaya tsakiyar hanya suna hoto. Ya bi duk lungunan da shekara ashirin da bakwai suka koya masa, yana roƙon Allah a bayyane, yana roƙon hadarin ma. Yana kan hanya ɗigon ya fara raguwa a gilashi. Kafin ya kai bakin gari rana ta fito, kwalta na hayaƙi.

Tigist, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da Herminia, ta tare shi a ƙofa. Ta rasa inda za ta sa idonta.

"Baba, ta tambaye ka. Da sunanka, har sau uku. Ita ta sa na fito da kujera biyu."

Ga su nan a baranda, ɗaya da Herminia, ɗaya ba kowa. Ya gaishe ta, ta amsa da ladabi.

Sai ya zagaya bayan shinge ya karyo reshen gobernadora. Zafi ya riga ya busar da shi. Ya yi abin da mahaifinsa ya koya masa yana yaro: ya rufe ganyen cikin tafukansa biyu, ya hura masa numfashi mai ɗumi, sau ɗaya, sau biyu, har ƙamshin ya tashi. Ya zauna a kujerar, ya miƙa hannuwansa kusa da hancinta.

Ta lumshe ido ta shaƙa. Fuskarta ta saki.

"Ruwa zai zo," ta ce a hankali. Ta buɗe ido ta gyara gashinta, ta dube shi. "Malam, yi haƙuri, tashi daga nan. Kujerar mijina ce. Yanzu zai shigo, bai taɓa fashi ba."

Don Chebo ya tashi. Ya koma jikin ginshiƙi ya tsaya, reshen na hannunsa.

"Sai dai kullum a makare yake zuwa," ta ƙara, tana murmushi, idonta na kan hanya.

"Haka yake, ranki ya daɗe," in ji shi. "Amma yana hanya."

Suka ci gaba da kallon hanyar tare.