Koren Falon Ya Falmata

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin fenti a garin nan, ranar da koren fenti ya ƙare mana a unguwar Bagadaza ita ce ba ta taɓa fita raina ba. Ku da kuka shigo sana'ar kwanan nan ku saurara, domin ko'ina kuka je za ku tarar da irin Oga Sale.

Lokacin ni ne mataimakinsa. Ga wanda bai san tsarin ba, oga shi ke karɓo aiki, shi ke magana da mai gida, shi ke faɗin yawan fentin da za a saya. Mataimaki shi ke kula da masu rola da masu buroshi, kuma shi ake zagi idan abu ya ɓaci. Oga Sale ya daɗe a sana'a, abin alfaharinsa kuwa ɗaya ne: bai taɓa auna bango ba. Zai shiga ɗaki, ya riƙe ƙugu, ya juya a hankali kamar mai duban wata, sannan ya faɗi adadi. Ni da na ɗan zauna a makarantar koyon sana'a ina yawo da tef ɗin awo a aljihu, shi ya sa yake kirana Injiniya, kuma ba don girmamawa ba.

Gidan na wata dattijuwa ne, Ya Falmata, mutuniyar Borno. Rikici ne ya koro su, ta yi shekaru tana haya a unguwar Pantami, har 'ya'yanta suka haɗa ƙarfi suka gina mata ɗan gida. Tana so ta tare kafin azumi, azumin kuwa ya matso. Ɗakunan kwana ba ta damu da su ba, ta ce fari ya isa. Falo ne ta ce kore take so, irin koren falonta da ta baro a garinsu. Ta kawo wani tsohon mayafi ta ce launin kamar wannan yake.

Lissafin ba wuya gare shi ba. Ka auna zagayen ɗaki, ka ninka da tsayin bango, ka cire ƙofa da tagogi. Abin da ya fito ka ninka biyu, tunda shafi biyu za a yi, sai ka raba da abin da aka rubuta a jikin galan cewa zai rufe. Idan filastar sabuwa ce ka ƙara a kai, don sabon bango shan fenti yake kamar raƙumi ya samu rijiya. Na yi haka, na samu galan biyar.

Oga Sale ya riƙe ƙugu ya juya. Ya ce, "Uku."

Na matso na ce, "Oga, bangon sabo ne, kuma launin haɗi ne. In ya ƙare da wuya a sake samun irinsa."

Ya ce, "Injiniya, tef na teloli ne. Tun ba a haife ka ba nake shafa bangon Gombe." Sai ya juya wajen Modu, babban ɗan Ya Falmata, ya ce, "Ka ga yaran yanzu? Su sa ka sayo kaya har su yi maka yawa." Modu ya gyaɗa kai, ya dube ni kamar ya kama ni da hannu a aljihunsa.

A shagon fenti aka yi ta ɗiga shuɗi da rawaya cikin fari, ana gwadawa a jikin kwali, Ya Falmata na cewa a ƙara, a rage. Da aka dace, ta daɗe tana kallon kwalin, sannan ta ce, "Shi ne." Galan uku aka haɗa.

Shafin farko ya cinye kusan biyu. Oga ya leƙa cikin bokiti ya ce a ƙara ruwa. Muka ƙara. Ya sake leƙawa ya ce a ƙara. Kafin mu iso bango na huɗu a shafi na biyu, abin da ke jikin rola ya koma kamar ruwan da aka wanke alayyafo, filasta na leƙo mu ta ƙarƙashinsa. Aka tura ni shago da gudu. Wanda ya yi haɗin farko ya yi tafiya, ƙanensa ya haɗa abin da ya ga dama, ya rantse mini ba bambanci. Da ya bushe a bango, sai ga kore mai duhu irin na motar sojoji, yana zaune kusa da koren Ya Falmata kamar baƙon da ba a gayyata ba.

Da la'asar Modu ya kawo mahaifiyarsa. Na tsaya a gefe ina jira in ga yadda Oga zai fita. Ko gezau bai yi ba. Ya tare su a ƙofa ya ce, "Hajiya, na yi miki abin da ban taɓa yi wa kowa a unguwar nan ba. Bango uku launi ɗaya, na huɗu ya fi su nauyi. Shi ake yayi yanzu a Abuja. Nan za a sa talabijin."

Modu ya ja da baya, ya karkata kai, ya ce, "Gaskiya ya yi, Oga." Ya ciro waya ya fara ɗaukar hoto.

Ya Falmata ta shiga cikin falon. Ta bi bangon farko da tafin hannu, ta wuce na biyu da na uku. Da ta zo na huɗu ta janye hannunta. Ina wanke rola a tsakar gida ta zo ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Ɗana, fentin ƙarewa ya yi ko?"

Na ce, "Ƙarewa ya yi, Mama."

Ta ce, "Na sani. Ni da na fito daga garinmu a ƙafa, na san kamar abin da ya ƙare a hanya. Bar shi. Uku ma an gode Allah."

Ta tare kafin azumi. Kujerarta ta jingina ta da bango na huɗu, don in ta zauna ya kasance a bayanta.

Hotunan Modu kuwa suka yi yawo a waya. Kafin sallah mutane na neman Oga Sale da suna, kowa na son bangon Abuja. Aiki na farko da aka ba shi na launi biyu, ya riƙe ƙugu ya juya, dukkansu biyun suka ƙare. Falon ya tashi da launi huɗu. Ya ce wa mai gidan wannan na Dubai ne.

Abin da na koya shi nake gaya muku. Ku auna, ku ƙara na sabuwar filasta, launin haɗi kuma a haɗa shi gaba ɗaya har ya yi saura. Amma kada ku zaci hakan zai sa a yabe ku. A sana'ar nan baki ya fi rola rufe bango, kuma mai gidan da ya gane an cuce shi, sau da yawa shi ne wanda zai yi shiru.