Taku Tara Tsakanin Rijiya da Masai

A shekarar da aka fara maganar shari'a a Kano, ni malamin Islamiyya ne a wani ƙauye na yankin Masanawa, da mata ɗaya da 'ya'ya uku, kuma ina ganin kaina mai ilmi. Famfon da gwamnati ta kafa mana ya mutu tun zamanin tsuke bakin aljihu, har ya zama turken awaki. Sai na haƙa rijiya a tsakar gidana don in hutar da maiɗakina fita, na kuma ce duk maƙwabcin da ke so ya aiko a ɗiba. Cikin masu sha akwai wata tsohuwa da katanga ce kawai ta raba mu, kowa Inna yake ce mata. Ita ta yanke wa 'ya'yana cibiya, su ukun duka.

Gab da damina masan gidan ya cika, na kira wani mai haƙa daga Kabo. Ni na zaɓi wurin, kuma na yi dogon tunani a kai: kada mai tsugunno ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, kada kuma a hango mata daga zaure. Lungu ɗaya ne ya cika sharuɗɗan. Mutumin ya auna da ƙafa daga nan zuwa bakin rijiya, ya ce taku tara ne, kuma ƙasar ta gangaro wajen rijiyar. Ya yi dariya ya ce Malam ya san gabas, amma ruwa gangare kawai ya sani. Na ce masa haƙa aka kira shi yi, ba fatawa ba. Ya ce Allah ya gafarta Malam, ya ɗauki digarsa.

Da ruwa ya zauna sosai, maiɗakina ta ce cikin yara yana yawan murɗawa, kuma ta ji a rediyo ana cewa a riƙa tafasa ruwan sha, sai dai itacen da ke gidan jiƙaƙƙe ne, ko tuwo da ƙyar yake dafawa. Na jawo guga, na zuba a farin kwano, na duba, na sansana, na kurɓa. Sannan na karanta mata abin da nake koya wa ɗalibai kullum, cewa ruwa muddin launinsa da ƙanshinsa da ɗanɗanonsa ba su sauya ba, mai tsarki ne. Ta ce ita ba alwala take tambaya ba, cikin yara take tambaya. Na ce abin da ya isa a tsaya da shi gaban Allah ba zai cutar da yaro ba.

Wata Laraba da safe autarmu, 'yar shekara huɗu, ta fara amai da gudawa. Abin da ke fita kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Kafin azahar idanunta sun faɗa, in na ja fatar hannunta sai ta tsaya yadda na ja ta. Ta daina kuka, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Hanyar mota ta yanke saboda ruwa, a babur aka kai mu asibiti a Gwarzo, ina rungume da ita, na kara bakinta a wuyana don in riƙa jin ko tana numfashi. Sau biyu na daina ji. A asibitin mutane kwance har baranda. Ma'aikaciyar jinya ta nemi jijiya a hannu biyu ta rasa, sai a ƙafa ta samu ta sa mata ƙarin ruwa. Tana manna filasta ta tambaye ni ina muke shan ruwa, na ce rijiyar gida. Ta tambayi nisanta da masai. Na ce taku tara. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce gida nawa ke sha. Na ce gida shida ne. Ta ce in bar yarinyar wajen uwarta da ke tafe, in koma yanzu in rufe rijiyar.

Na bar 'yata ban san ko zan same ta da rai ba. Na isa gida bayan la'asar, na tarar Inna kwance tun hantsi, jikinta ya riga ya saki. Na ɗora kwanon rufi a bakin rijiyar, na danne da dutse, na ce wa masu tambaya gefenta ne ke zubewa. Na bi gidaje ina cewa a tafasa ruwa, annoba ce ke yawo. Ban gaya wa kowa abin da aka tambaye ni a asibiti ba. Inna ta cika washegari ana shirin ɗaukarta zuwa asibiti, ni na yi mata sallah. A wajen zaman makoki babban ɗanta ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce kullum tana sa mini albarka saboda ruwan nan, kuma abu na ƙarshe da ta roƙa shi ne a ba ta na rijiyar Malam don ya fi sanyi, ya ɗebo mata a randa ta sha. Ya ce Allah ya sa a mizani. Na ce amin.

'Yata ta dawo gida bayan kwana biyar, yanzu ita ma uwa ce. Na cike masan da rijiyar duka. Cutar ta shiga wasu ƙauyukan a daminar nan, don haka ba zan iya rantsewa cewa rijiyata ce ta kashe Inna ba, ba zan kuma iya rantsewa cewa ba ita ba ce. Da na kai maganar wajen malamina, ya ce hukuncin da na karanta na alwala ne, ba a rubuta shi don randar sha ba, kuma shari'ar da na ɗauko shi daga cikinta ita ce ta hana cutar da maƙwabci.

Ina roƙon masu karatu, musamman irina da ake tambaya su ba da amsa, in za ku haƙa masai ku nisanta shi da rijiya, ku duba inda ƙasa ta gangara, ku saurari mai sana'ar. In maiɗaki ta ce ruwa yana damun yara, ku nemo itacen ko daga ina ne. Ɗan Inna yana nan da rai, sahu ɗaya muke tsayawa, kuma har yau in muka gaisa yakan yi mini godiya.