Ranar Da Na Rufe Koko Na Tafi Ɗebo Teku

Duk abin da zan manta a duniya, ban da wata safiyar Talata da na tsinci kaina zaune daɓas cikin ruwa, zanina ya jiƙe sharkaf, takalmina ɗaya ya yi gaba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau idan na tuna sai in fashe da dariya ni kaɗai a bakin tukunyar koko, masu saye su riƙa kallona kamar wadda wani abu ya taɓa.

A unguwar Nima ta birnin Accra aka haife ni, a Nima na yi aure, a Nima nake sayar da koko da ƙosai. Rayuwata a lokacin ba ta da kwana ko ɗaya. In tashi kafin asuba in dama, in fito bakin titi in sayar har hantsi, in shiga kasuwa in auno gero, in kai niƙa, in jiƙa wake, in dawo in yi girkin gida. Shekara goma sha ɗaya ina haka, ko ranar Sallah sai na fito, don masu dawowa daga idi ma suna da ciki. Abu ɗaya ne nawa ni kaɗai a yini: bayan la'asar in jingina da bango a tsakar gidanmu na haya, in ɗauko waya in karanta littafin Hausa. Da ƙyar na fara, ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, don mu a makaranta Turanci aka koya mana. Amma da abin ya kama ni, wallahi har miya na sha ƙonawa.

A wani zauren masu karatu na waya na haɗu da wadda ta zama ƙawata. Malamar makaranta ce a Tawa, can cikin Nijar. Wata rana na rubuta cewa jarumar littafin da ake yayi a lokacin sakarya ce, duk matan zauren suka yi min ca, ita kaɗai ta ce gaskiya na faɗa. Daga nan muka koma hira mu biyu. Muka yi ƙa'ida: babi ɗaya a rana, ba mai wuce wata, da yamma kuma mu aika wa juna saƙon murya mu yi gulmar mutanen cikin littafi kamar maƙwabtanmu ne. Ita ta yi dariyar Hausata ta Zangon Ghana, ni in yi dariyar “mi” da “lahiya lau” ɗinta. Ban taɓa ganinta ido da ido ba, amma lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwo, muryarta ce ta riƙe ni. Ina da 'yan'uwa cike da Nima da maƙwabciyarta Maamobi, duk da haka abin da ban iya faɗa musu ita nake faɗa wa.

To, ga inda na ɓata. Mun karanta wani littafi da aka kai amarya da ango yawo bakin teku, sai ta ce min, “Ƙawata, ke kin ji daɗi, kina Accra. Ni ruwan da na sani bai wuce na tabki ba. Gaya min, ƙaƙa teku yake?”

Me zan ce? Gaskiyar magana, ni da na haura shekara talatin da biyar a garin nan ban taɓa sa ƙafata a bakin teku ba. Sau biyu ko uku na hango shi ta tagar mota, wani dogon abu mai toka-toka a ƙarshen gidaje, shi ke nan. Tun muna yara mahaifiyarmu ta kafa doka, ta ce akwai masu ruwa, wato aljanu, a ciki kuma sun fi son 'ya'yan Hausawa. Da na girma kuma koko ya karɓi aikin hana ni. Amma kunya ta hana ni cewa ban sani ba. Sai na gyara murya na shiga zuba. Na ce shuɗi ne shar, ya kwanta lif, iska tana kaɗawa a hankali, masunta suna shigowa da kwale-kwale kowace safiya suna waƙa. Ta ce, “Kai, Allah mai iko!” Daɗin wannan kalma ya shige ni, washegari na ƙara mata wani.

Ƙarya kuwa tana son abinci kullum. Kusan shekara guda, duk bayan kwana biyu sai ta tambaya, “Yau kin leƙa tekunmu?” Ni kuma in ce na leƙa, alhali ina tsugune ina wanke wake, ba ruwan da ke gabana sai na kwata.

Rannan sai ga saƙonta, muryar ba wasa a ciki. Innarta, wato mahaifiyarta, ta daɗe tana fama da ƙaiƙayin ƙafa, an yi na asibiti ana kan yi, sai wata tsohuwa ta ce a gwada wankewa da ruwan teku. Ko yana yi ko ba ya yi, Allah masani, amma Inna ta ƙwallafa rai. Akwai wani direban motar albasa ɗan garinsu da ya sauka a Maamobi, zai juya ranar Talata bayan azahar. “Don Allah ki cika min jarka guda ki ba shi. In kin isa bakin ruwan kuma ki kira mu ta bidiyo, Inna ta ce tana so ta gani da idonta.”

Na ce, “Wannan ai ƙaramin abu ne.” Na ajiye waya.

Kwana biyar nake da su, na cinye huɗu ina cewa gobe. Ranar Litinin da yamma shaiɗan ya kawo min shawara, ni kuma na ba shi kujera. Na tari ruwan famfo a bokiti, na zazzaga gishiri, na sa muciya ina juyawa. Bidiyo kuwa, na ce sai in ce waya ta lalace. Ina cikin ɗanɗanawa maigidana ya dawo daga shagon ɗinkinsa. Ya tsaya, ya dubi bokiti, ya dubi jarka, ya dube ni. Da ma ya san labarin, don ya sha jin ina zuba wa baiwar Allah shuɗin teku.

“Sannu da aiki, Hajiya,” in ji shi. “Teku ake haɗawa? Ki ɗan jefa kifi ɗaya a ciki, zai fi kama.”

Na ce ya rabu da ni. Ya yi dariyarsa har da riƙe ciki, sannan ya sassauta murya ya ce, “Ni dai abin da na sani, tsohuwa ce za ta zuba wannan a ƙafarta tana bismilla.” Ya shige ɗaki ya bar ni da muciya a hannu.

Maganar nan ta soke ni. Na hango tsohuwar da ban taɓa gani ba tana shafa ruwan famfon Nima tana sa min albarka. Na ji na tsani kaina, wallahi. Na kwarar da ruwan a kwata. A ranar ban jiƙa wake ba.

Da gari ya waye na fito da jarka ba tukunya, sai unguwa ta rikice. Mai shayin da ke kusa da inda nake zama ya taso da sauri, “Hajiya, lafiya? Rasuwa aka yi?” Wata tsohuwar mai sayena ta tsaya da kwanonta a hannu tana salati. Na ce musu ba kowa ya mutu, unguwa za ni. Ban yarda na faɗi inda za ni ba, don kafin in kai bakin titi labari zai riga ni isa Maamobi. Trotro biyu na shiga, wato ƙananan motocin hayarmu, ina rungume da jarka kamar jaririya, ina karanta duk addu'ar da na haddace. Abin haushi, tafiyar da na shekara talatin da wani abu ina jin tsoronta ko awa ɗaya ba ta kai ba.

Tun kafin in gan shi na ji shi. Wani irin ruri, ba tsayawa, ga ƙarnin kifi da hayaƙi. Na bi wani lungu tsakanin gidajen masunta, ina fitowa sai ga shi a gabana, gaba ɗaya. Ba shuɗi ba ne, ba kuma kwance yake ba. Tasowa yake yi ya yi tsiri, ya faɗo da ƙarfi, ya ja da baya, ya sake tasowa, kamar mai neman wanda zai dake. Kwale-kwale kuwa duk suna kan yashi a jere, maza na zaune suna ɗinkin raga, ba mai waƙa ko ɗaya.

Wata dattijuwa 'yar ƙabilar Ga tana wanke manyan kwanoni a gefe. Na gaishe ta da yaren Twi, na kira ta Maame, wato mama, na tambaye ta yaushe masunta za su shigo. Ta ɗago ta ƙare min kallo tun daga mayafi har takalmi.

“Amariya, daga ina kika zo?” in ji ta, don haka suke kiran matan Hausawa.

“Daga Nima, Maame.”

“Nima ta nan? Kuma ba ki san ba a fita teku ranar Talata ba?” Ta kira wata ta kusa da ita ta maimaita mata, suka yi ta dariya. Ni da na shekara ina shigo da kwale-kwale kowace safiya har da Talata, sai na sunkuyar da kai.

Amma mutuniyar kirki ce. Da na yi mata bayanin jarka, ta ce ruwan bakin gaɓa duk yashi ne da datti, sai na ɗan shiga ciki. Ta goge hannu ta karɓi wayar, na kira Tawa, fuskar ƙawata ta fito, ga wata 'yar tsohuwa ta manna kai a kafaɗarta tana ƙifta ido. Na yi ta maza. Na ɗaga musu hannu irin na wadda ta saba, na tattare zani, na taka. Sanyi ya ratsa ni. Na ƙara taku uku, na duƙa na kafa bakin jarka. Abin da ba wanda ya taɓa rubutawa a littafi shi ne, idan ruwan zai koma, yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka yake tafiya da shi. Ina jin ƙasa tana zamewa na ɗago, sai na ga wani ruwan ya taso ya fi ni tsawo.

“Wayyo Allah na! Inna lillahi! Maame, ki cece ni!”

Ya maka ni da ƙasa. Na sha na ƙoshi, ta baki ta hanci. Da ya janye sai ga ni zaune, ruwan ko gwiwa bai kai ba, mayafi ya rufe min ido, takalmi ɗaya ya tafi, amma jarka tana hannuna gam. Dattijuwar nan kuwa ko gezau, ta saita waya a kaina tana dariya har da hawaye. Sai da ta ga dama sannan ta miƙa min hannu, ta shiga da kanta ta cika jarkar cikin daƙiƙa kaɗan.

Na karɓi waya ina tari. Ƙawata ta kasa magana don dariya. Ni kuwa na ga ba sauran abin ɓoyewa, kuma na gaji. Na ce, “Ki yafe min. Yau ne farkon zuwana. Duk abin da na gaya miki ƙarya ne.” Na san in ta kashe wayar nan ba ni da bakin sake kiranta.

Ta share ido ta ce, “Ke, ai na sani tun ran farko.”

“Kin sani?”

“To ba tare muka karanta littafin ba? Abin da marubuciyar ta faɗi shi kika kwashe kika maido min, har iskar da ke kaɗawa a hankali. Ni malama ce fa, satar amsa ba ta wuce ni.”

Na ce to me ya hana ta tona ni? Ta ce da ta tona ni da kunya ta sa na gudu, ita kuma ba teku take nema a wurina ba. Ciwon Inna gaskiya ne, ruwan ma ana so. Bidiyon dai, ta amsa, ita ta ƙara da shi don ta ga ƙarshen taurin kaina.

Sai tsohuwar ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar. Ita ba ta bi ta kan zancenmu ba. Ta ce, “Ɗiyata, sannu da wahala. An ce wai ba shi da iyaka. Gaskiya ne?”

Na juya na dube shi sosai, karo na farko ba tsoro ba ƙarya. Na duba har inda ruwa ya haɗe da sama. Na ce, “Inna, ni dai ga ni a gabansa, ban ga ƙarshensa ba.”

Ta ce, “Allahu akbar.” Sai ga hawaye yana bin fuskata, ga gishiri ga gishiri. Wannan 'yar magana ita ce gaskiya ta farko da na taɓa faɗa a kan teku, kuma ta fi duk zubar da na shekara ina yi daɗi a bakina.

Na kai wa direba jarka kafin azahar, da takalmin roba da dattijuwar ta ara min, ɗaya ja ɗaya kore. Abin da ranar ta koya min ba shi da yawa, amma ya zauna. Na ɗauka sai na ƙawata kaina kafin a so ni, ashe wadda nake yi wa kwalliyar ta gan ni sarai tun farko kuma ta zauna. Yanzu idan aka tambaye ni abin da ban sani ba, cewa nake ban sani ba, in kuma wuri ne da trotro ke zuwa, in rufe tukunya in je in gano.