Gayya a Gayaunar Matar Yayana

A da, idan damina ta kankama a ƙauyenmu na wajen Ƙarfi, ganga ce ke tashin mu. Daga jin amonta kowa ya san gonar da za a shiga, ya saɓi fartanya ya bi sawu. Gayya ke nan: mai gona ya kira jama'a su nome masa a wuni guda, shi kuma ya ciyar da su, ya shayar. Yanzu sai ka hango mutum ɗaya da tankin feshi a baya yana kashe ciyawa shi kaɗai. Samarin da ke cika gona a da sun tafi Funtuwa da Malumfashi suna acaɓa.

Aikin duba lafiyar dabbobi ya kai ni wurare. Na zauna cikin Yarabawa har na ji yarensu, na daɗe a Adamawa bakina ya kama Fulatanci, na tsinci Faransanci a Maraɗi. Ko'ina manoma na da irin tasu gayyar, kuma ƙa'idar ba ta canzawa: wanda ya yi maka aiki sai ya ci abincinka. Wannan ƙa'ida ce ta kusa raba matar yayana da gonarta, a daminar farko bayan na yi ritaya na dawo gida.

Gidanmu gidan Maguzawa ne. Ni na karɓi bishara tun ina saurayi, wasu 'yan'uwa suka musulunta, yayana da matarsa kuwa suka tsaya kan al'adar kakanni. Ya rasu da bazara, ya bar ta da jikoki da gayauna, wato 'yar gonar da aka yankar masa daga gandun gida. 'Ya'yanta mata suna gidajen aure, namijin ya tafi kudu neman kuɗi. Ta yi shuka da kanta, amma ciyawa ta fi ƙarfin hannu ɗaya.

Babban yayanmu, mai riƙe da gandu, ya faɗa mata a gabana cewa ƙasa ba ta zama banza. In lokacin huɗa ya yi dawar tana cikin ciyawa, gonar ta koma gandu, 'ya'yansa su zuba masara baɗi. A wurinsa wannan al'ada ce kawai. Ni kuwa na san daga wannan gayauna tukunyarta ke hawa murhu.

Ta kira gayya. Ta jiƙa dawa ta yi tsiro domin dafa giya, kamar yadda Bamagujiya ke yi. Sai dai Maguzawan da suka rage tsofaffi ne, masu ƙarfin duk ko masallaci ko majami'a. Ba wanda ya amsa.

Ran Lahadi bayan sujada na tsayar da dattawan ikilisiya a gindin ɗorawar da ke bakin majami'a. Na ce mun karanta da bakinmu cewa ibadar gaske tana cikin kula da marayu da matan da mazansu suka mutu, ban kuma ga inda aka ce sai an tambaye su addininsu ba.

Wani dattijo, abokin ƙuruciyata, ya ce, "Malam, kai ka daɗe a waje. Mu muka zauna da tulun nan. Ni na ɗauko babana daga bakin rafi, giya ta kayar da shi, bai sake tashi ba. Yanzu in kai 'ya'yana gonar da za a ajiye musu tulu?"

Ban raina maganarsa ba, don na san mahaifin nasa. Fasto ya ƙara da batun jan zakaran da za ta yanka a gindin tsamiya kafin a shiga gona. Na ce na ji, amma ciyawa ba za ta jira mu gama muhawara ba. Daga ƙarshe suka yarda da abu ɗaya: za mu je mu nome mata, amma ba za mu ci ba, ba za mu sha ba. Kowa ya zo da gorar ruwansa.

Na kai mata labarin ina murna. Na same ta tana shanya tsiron a kan tabarma. Tsakanin mace da ƙanin mijinta akwai wasa, don haka na ce, "Uwargida, na samo miki ma'aikata kyauta, ko kunu ba za ki dama ba."

Ta ɗago ta dube ni. "Mijin banza, ɗan yawon duniya. Ka zaga ƙasashe ka dawo ka kawo mini zagi?"

"Wane zagi kuma?"

"A shiga gonata, a ƙi cin abin hannuna? Gobe a ce ga wadda aka yi wa sadaka, ƙazamar da ba a shan ruwanta. Gara babban yayanku ya ƙwace ta."

Na san ba wasa take ba. Na zauna kan turmi ina kallon tsiron. A Adamawa na sha ganin mata na dama kunun zaƙi da irin wannan tsiro, a nan gida ma haka ake yi. Abin da ya raba shi da giya shi ne barin sa ya kwana ya yi tsami. Na ce, "To ki dama mana kunun zaƙi da shi. Ki tuƙa tuwo da miyar kuka. Za mu ci a ƙwaryarki, har mu nemi ƙari."

"Tsofaffin fa? Kunu za su sha kamar masu jego?"

"Ki raba tsiron biyu. Nasu tulun ya zauna a gida, su same shi da yamma. Zakaranki kuma tsakaninki da su ne, kada ya shiga miyarmu."

Ta ce, "Ku masu littafi kun iya tsirfa. Wa zai niƙa mini?"

Na koma wajen dattawa gida gida. Abokina ne ya fi wuya. Na ce masa Ubangijinmu ya ci abinci a gidajen da masu addinin zamaninsa ke ƙyamar shiga, kuma taimakon da zai bar mutum cikin kunya bai kai ƙauna ba. Na yi masa alkawari in ya ga tulu a gonar, ni zan fara juyawa gida. Ya ce zai zo, amma shi zai fara ɗanɗana kunun. Matan zumuntar ikilisiya suka ɗauki niƙa da tuƙi. Maƙwabcin gonarta, wani Malam mai shanun huɗa, da ya ji kunu ne za a sha, ya ce shi ma yana tafe da 'ya'yansa.

Ranar gayya aka samo tsohon makaɗi da gangarsa. Matar yayana ta riga ta yanka zakaranta a gindin tsamiya kafin mu iso. Fasto ya yi addu'a a bakin gona, Malam ya yi bisimilla, muka jeru. Bayana ya daɗe da manta sunkuyo, matasa suka wuce ni suna dariya, amma ban ajiye fartanya ba. Da rana ta take, sai ga ta da ƙwarya a ka. Abokina ya karɓi ludayi, ya shinshina, ya kurɓa, ya ce, "Inna, zaƙin ya yi. Ƙaro."

"Ka sha a hankali, dattijon coci," in ji ta, "kar ka bugu."

Kafin la'asar dawar ta fito fili. Babbanmu ya zo ya tsaya a kan iyaka, ya bi kunyoyin da kallo har ƙarshe. Ya ce da ni, "Kai ka haɗa wannan?" Na ce ni ne, kuma in ciyawa ta dawo za mu dawo. Ya karɓi kunu ya sha a tsaye, ya tafi. Bayan kwanaki Malam ya kawo shanunsa ya yi huɗa.

Da kaka ta yi, matar yayana ta zo gonar abokina da 'ya'yanta mata suka taya shi yankan dawa, don gayya ramawa ake yi. Ba ta taɓa shiga majami'armu ba, har yau tana yanka zakaranta, ni kuma ban fasa yi mata addu'a ba. Gayaunar tana hannunta, ba a sake tayar da maganar ba. Tun daga wannan damina, duk gwauruwar da ta kira gayya a ƙauyenmu ikilisiya na fita, ko wane addini take bi, kuma muna cin abincinta.